Kiɗan Mutum Goma Sha Shida

Litinin, 4 ga Mayu 1953, da hantsi

Jiya Mista Kwasi, shugaban makaɗan hotal ɗin nan na Sabon Gari, ya tsare ni bayan sun gama gwaji. Ya ce ya gaji da busa kiɗan da wasu suka rubuta a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Yana son nasu na kansu, kiɗan jaz na mutum goma sha shida, su fara buga shi bayan ƙaramar Sallah. Ya ce, "Gidaɗo, kai kaɗai ka iya rubuta kiɗa a cikinmu. Ka rubuto mana garin nan."

Na ce to, ban kuma san abin da ya sa na ce to ba. Abin da na koya a badujalar soja lokacin yaƙi kwafe kiɗan wani ne, in raba wa kowa nasa. Tun da na dawo, gyaran keken ɗinki da garmaho nake yi a bakin kasuwar Kurmi. Ranar Lahadi ce kawai nake hawa kekena in je in zauna a gefe ina saurarensu. Masu busa saksofon biyar, ƙaho huɗu, tarambon uku, sai fiyano da jita da babban goge da ganguna. Yawancinsu ma'aikatan jirgin ƙasa ne da akawuna da tsofaffin sojoji irina.

Inna ta gan ni ina jan layuka a takarda. Ta tsaya a kaina ta ce, "Rubutun da ba a karantawa, ba a kuma wanke shi a sha, wane irin rubutu ne wannan?"

Laraba, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Ba komai. Layuka biyar-biyar kamar kunyar gona da ba a yi wa shuka ba.

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan magariba

Na kai wa wani tela kekensa, a hanyar dawowa na bi ta wajen masu bugu. Tun ina yaro nake wucewa ta nan, amma yau ne na ji su. Suna zaune a jere gaban gungumen, rawani mai shuni a shimfiɗe, kowa da mabuginsa. Babu wanda yake sauka lokaci ɗaya da ɗan'uwansa. Wannan ya ɗaga, wancan ya faɗa a gurbinsa, na ƙarshe kuma yana jinkirtawa kaɗan kamar mai ɗingishi, jinkirin nan nasa shi yake sa ƙafar mutum motsi. Na jingine kekena na tsaya har wani tsoho a cikinsu ya ce, "Malam, in riga ka kawo ka miƙo ta."

Na zo gida da gudu. Na ba ganguna da babban goge gungumen, na ba saksofon mabugai. Matata Baraka ta kawo tuwo ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Lahadi, 10 ga Mayu, bayan magariba

Sun buga kashi na farko.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Na raba takardu, kowa ya kafa tasa, Kwasi ya ƙirga ya sauke hannu. Abin da ya kwana uku a cikin kaina, ƙarami kamar kukan sauro, sai ga shi ya miƙe tsaye ya cika ɗakin har kwanon rufi yana amsawa. Na ji shi a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Tsoro ya kama ni. Ɗige-ɗigen da na yi da alƙalamina a zaure, ina korar ƙudaje, su ne suke sa manyan mutane kumbura kumatu a tare, su ja numfashi a tare. Wane ne ni?

Akwai kurakurai. Na sa tarambon sun yi ƙasa da yawa, sun zama taɓo. Uzo, ƙaton nan mai babban tarambon, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce na rubuta masa kukan bijimin da ake kaiwa mayanka. Ƙanensa Obiyora, mai ƙaho na farko, bai yi dariya ba. Shi ba ya yawan magana. Ya zo ya nuna mini wani wuri da yatsa, ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Malam Gidaɗo, nan ka bar mini hanya. Kada ka rubuta komai. Ni zan san abin da zan faɗi." Na goge wurin. Suka sake. Da ya zo gurbin ya ɗaga ƙahon ya faɗi abin da ban san ina son faɗi ba.

Na tuƙo kekena har unguwarmu Mandawari ban san ta wace ƙofa na shigo ba.

Talata, 12 ga Mayu, da hantsi

Malam Hambali maƙwabcina, mai fataucin fatu, ya aiko ɗansa Jibril ya ce in rage buga tabarma da tafin hannu, katanga ɗaya ce tsakaninmu kuma azumi ya ƙarato. Mun daɗe ba ma shiri da shi a kan wannan. Jibril ya isar da saƙon yana sunkuyar da kai, sannan ya tsaya yana leƙen takarduna. Saurayi ne mai fara'a, bana ake maganar aurensa. Ya ce, "Baba Gidaɗo, ranar da za a buga, ka ɓoye ni a bayan kekenka."

Alhamis, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Kasuwa ba daɗi. Mutane ƙungiya-ƙungiya, in ka matso a yi shiru. Ana ta maganar wasu baƙi 'yan siyasa da za su zo daga kudu. Ba zan sa wannan a nan ba. Kashi na biyu nake so ya zama hadari, irin wanda yake haɗowa daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya, kaji su shige akurki, amma ruwan bai sauko ba tukuna. Yaya ake rubuta abin da bai sauko ba?

Asabar, 16 ga Mayu, bayan azahar

Obiyora ya zo da hantsi a kan kekensa, da ƙahonsa a akwati, mu duba nasa na kashi na biyu. Na hana shi busawa saboda watan azumi ne. Muna zaure, yana danna maɓallan yana rerawa a hanci. Ya ce na kai shi sama da wuri, in bari sai ya gaji tukuna, sautin gajiyayye ya fi daɗi. Yana da gaskiya.

Asabar, bayan shan ruwa

Bai koma ba.

Na raka shi wajen la'asar. Kafin mu kai Ƙofar Mata muka ga mutane suna gudu, wasu suna fita da sanduna, wasu suna shigowa da jini a riga. Hayaƙi ta wajen Fagge. Wani mai ɗinki da na sani ya kama hannun kekena, ya dubi Obiyora, ya dube ni, ya ce, "Ka juya da baƙonka. Ta lungu." Muka juya.

Na yi niyyar ya kwana a zaure. Inna ta fito da mayafinta, abin da ba ta taɓa yi ba in da baƙo namiji. Ta ce, "Zaure na kowa ne. Shigo da shi ciki." Ta buɗe ɗakin marigayi Baba.

Lahadi, 17 ga Mayu, da hantsi

Inna ta ɗauko rigar Baba da hularsa ta ba shi. Ta ce daga yau sunansa Isyaku, ɗan ƙanenta ne daga ruga, ba ya jin Hausa sai Fillanci, saboda haka duk wanda ya yi masa magana ya yi shiru kawai. Ta koya masa gaisuwa ɗaya ta Fillanci, ta sa shi ya yi ta maimaitawa. Akwatin ƙahon yana cikin rumbu a ƙarƙashin dawa. Kekensa na kwance shi gunduwa-gunduwa na zuba cikin kayan gyarana.

Baraka ta kai masa koko da ƙosai. Ya mayar. Ya ce ba zai ci a gidan da kowa yake azumi ba.

Yana tambayar Uzo. Me zan sani?

Lahadi, bayan la'asar

Ana jin abin daga nan in iska ta juyo. Ba zan kwatanta shi ba.

Mun zauna a ɗakin Baba da takardu a tsakaninmu, don in ba haka ba sai mu zauna muna saurare. Ina nuna layi da yatsa, shi yana motsa yatsunsa uku a kan gwiwa. Can sai na lura muna numfashi tare. Na nuna inda saksofon za su shigo a ƙarƙashinsa, ya ɗaga gira, ya gyaɗa kai daidai inda ganga za ta faɗo. Ashe yana jin su. Ni ma ina jin su, dukansu, a cikin ɗakin da ba abin da yake motsi sai ƙadangare a jikin azara. Na ji Uzo ya shigo da babban tarambon, har na ji inda zai yi latti kamar yadda ya saba. Allah mai iko. Mutum biyu a ɗaki a kulle, bakinsu a bushe, kuma ɗakin cike da kiɗa.

Litinin, 18 ga Mayu, da hantsi

Na fito zaure na tarar da Malam Hambali a tsaye. Bai yi sallama ba. Idonsa yana kan takalmin da ke bakin ƙofar shiga gida, baƙin takalmi mai igiya, wanda muka manta da shi. Ya daɗe yana kallonsa. Na ce ɗan'uwan Inna ne ya zo daga ruga. Ya ce, "Fulanin yanzu da takalmin akawu suke kiwo."

Sannan ya ce, "Jibril bai kwana a gida ba. Tun jiya da hantsi ya bi samarin unguwa. Ko ka ji wani abu?"

Na ce ban ji ba. Ya fita. Na ɗauke takalmin na ɓoye.

Litinin, bayan la'asar

Ruwan farko ya sauko.

Hadarin ya haɗo tun azahar, gari ya yi duhu kamar magariba. Da ya tsinke, indararo suka riƙa zuba kamar ana juye tulu, tsawa tana bin tsawa, ko maganar wanda ke kusa da kai ba ka ji. Obiyora yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin cikin rigar Baba, yana kallon tsakar gida. Sai ga Inna ta ratso ruwan, ta jiƙe sharkaf, da akwatin a hannunta, ƙwayar dawa a manne a jikinsa. Ta ajiye a gabansa ta ce, "Ɗan nan, busa abinka. Ruwa ya rufe ka. In ka bar shi a ciki zai kashe ka."

Ya tura hular Baba a bakin ƙahon ya busa.

Ba abin da na rubuta ba ne. Ya fara daga nawa, ya bar shi a baya. Sautin siriri ne, a shaƙe, yana hawa yana zamewa yana sake hawa, in tsawa ta faɗo ya ɓace, in ta wuce ka tarar yana nan bai yanke ba. Baraka ta tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Inna, wadda tun da na dawo daga soja take cewa kayan busa na shaiɗan ne, ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni kuwa na ji kamar an ɗaga rufin ɗakin. Na yi shekaru ina tsammanin na san abin da ƙaho yake iya yi.

Ruwan na tsagaitawa ya sauke shi. Na ɗauki alƙalami na kama abin da na iya kamawa. Ko rabi ban samu ba.

Talata, 19 ga Mayu, bayan azahar

An kawo Jibril da safe a kan ƙyauren ƙofa. Mun kai shi. Na taya haƙa.

Obiyora ya ji kukan mata ta katanga, ya tambaya. Na ce rasuwa aka yi a maƙwabta. Ban ƙara ba.

Laraba, 20 ga Mayu, da la'asar

Wajen zaman makoki samari suna ta magana ƙasa-ƙasa, suna cewa akwai gidajen da aka ɓoye mutane a cikin birni, kuma an san su. Malam Hambali yana jan carbi bai ɗago ba. Kalma ɗaya ta ishe shi. Na zauna a gabansa ina jiran ta har aka yi kiran salla.

Alhamis, 21 ga Mayu, bayan shan ruwa

Malam Hambali ya shigo zaurena ɗazu. Ya rame, rawaninsa a kwance. Bai zauna ba. Ya ce, "Gobe bayan asuba zan kai fatu Fagge, an ce sojoji sun buɗe hanya. Jakina biyu ne, mai kora mini kuma babu shi yanzu. Ka ba ni aron ɗan'uwan Innarku."

Na ce, "Malam…"

Ya ce, "Kada ka ce mini komai. Ka gaya masa ya zo ba takalmi."

Juma'a, 22 ga Mayu, da hantsi

Sun tafi. Ƙahon yana cikin ƙunshin fatu. Inna ta tofa wa Obiyora addu'a a ka, ya durƙusa ya kama ƙafarta, ta ce, "Tashi, Isyaku, kada ka makara." Na bi su daga nesa har ƙofar gari. Tsoho a gaba, jakuna a tsakiya, shi a baya da sanda yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Malam Hambali ya dawo shi kaɗai yana kora jakunansa. Ya wuce ni a ƙofar gida, ya ce, "Ya tsallaka," ya shige.

Talata, 26 ga Mayu, da azahar

Ba na iya rubutu. In na ɗauki alƙalami sai in ji tarambon, sai in ajiye.

Lahadi, 31 ga Mayu, bayan magariba

Na je Sabon Gari. An ja waya mai ƙaya a hanya, 'yan sanda suna tambayar kowa inda za shi. Layin da nake bi kullum, shaguna da yawa ba rufi. Na sauka na tura kekena, don na ji kunyar in wuce a guje.

Kwasi yana nan, ya tsufa cikin mako biyu. Mai fiyano da masu saksofon biyu sun hau jirgi da iyalansu. Mai jita yana asibiti. Na tambayi Uzo. Kwasi ya nuna mini kan fiyano. Babban tarambon ne a naɗe cikin zanen mace.

Obiyora zai kai matar yayansa da 'ya'yanta gida bayan Sallah, ba ya jin zai dawo. Kwasi ya ce a bar maganar kiɗan. Obiyora, da yake zaune a lungu tun da na shigo, ya ce, "A'a. Malam Gidaɗo zai gama. Mu buga sau ɗaya kafin in tafi, ko ba kowa a ɗakin."

Laraba, 3 ga Yuni, da hantsi

Na koma kan takarda. Dole in sake raba komai. Abin da fiyano yake riƙewa na ba saksofon ukun da suka rage. Na Uzo ne ya tsaya mini. Na gwada ba wa babban goge, ya yi sanyi. Na gwada raba wa tarambon biyun, suka kasa kaiwa ƙasan da yake kaiwa. A ƙarshe na sa su duka su sauko a hankali, su tsaya a kan sauti ɗaya, su riƙe shi iyakar numfashinsu.

Asabar, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Kiɗan yana zuwa da kansa yanzu, har ina tsoron tashi in yi alwala kada ya wuce. Ban san daga ina yake fitowa ba. Ni dai ina riƙe da alƙalami.

Baraka ta ce Malam Hambali ya daina fita kasuwa.

Laraba, 17 ga Yuni, bayan magariba

An yi Sallah, ba armashi. Yau da rana muka buga, ƙofofi a rufe, kujeru a kife a kan tebura. Masu shara biyu ne kawai suka ji, sai wata mai tuyar ƙosai da ta leƙo ta taga.

Kashin masu bugu ya fi da kyau, ban san dalili ba, wataƙila don kowa yana sauraren ɗan'uwansa yanzu. Da aka zo hadarin na rufe ido. Sun sauko kamar yadda na rubuta, suka tsaya a kan sautin nan, suka riƙe. Na san tsawonsa a takarda, amma a ɗakin ya fi haka nesa ba kusa ba. Tagogi suna kaɗawa. Sannan Obiyora ya shigo a samansu, a buɗe wannan karon, ba hula a bakin ƙahon. Mai ganga yana kuka yana bugawa, bai kuskure ko ɗaya ba. Da aka gama ba wanda ya motsa. Kwasi ya ajiye sandarsa a hankali kamar ƙwai.

A waje Obiyora ya ce in gaida Inna da Baraka. Ya ce, "Da tsohon nan mai jakuna. Har muka rabu bai ce mini komai ba. Ko sunansa ban sani ba."

Na yi niyyar in bar shi ya tafi haka. Amma na gaya masa. Na ce kukan da ya ji ta katanga, na ɗan tsohon ne.

Ya zauna a bakin kwata. Sannan ya ce, "Jirginmu sai jibi. Gobe ka zo ka kai ni."

Na ce gari bai gama hucewa ba. Ya ce ya sani.

Alhamis, 18 ga Yuni, bayan la'asar

Mun shigo ta Ƙofar Mata da hantsi, a ƙasa, shi cikin farar taguwarsa da wandon Turawa da baƙin takalminsa. Mutane suna kallo. A bakin lungunmu samari suka miƙe daga kan dakali. Bai dube su ba, ni ma ban dube su ba.

Malam Hambali yana zaurensa shi kaɗai a kan buzu. Obiyora ya kwance igiyar takalmi, ya cire, ya shiga ya durƙusa. Ya faɗi abin da na koya masa a hanya, "Baba, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa."

Tsohon ya dube shi, ya dube shi. Samarin sun taru a ƙofa sun tare haske. Ya ce, "Haƙuri sai ma'abucinsa." Can ya ce, "Kai fa? Ka tarar da naka lafiya?"

Obiyora ya ce, "Yayana."

Malam Hambali ya sunkuyar da kai. Na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Sai ya matsa gefe a kan buzun, ya buga wurin da tafin hannu. Obiyora ya tashi ya zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi na bakin ƙofa ya ce, "Ɗayanku ya shiga ciki ya ce a kawo wa baƙo ruwa."